Kowace da Yankinta: Kundin Aikin Shirya Gasar Sarauniyar Kyau ta Ƙasa

7 ga Afrilu, 2025

Kwamitin shirya gasa ya zauna yau, aka ɗora mini aiki biyu: sake rubuta kundin ƙa'idoji, da sa ido kan tantance 'yan takara a yankuna. A nan zan riƙa ajiye abin da ake ciki har zuwa daren naɗa sarauniya.

Ga yadda na tarar da abin. A buɗe fom, 'yan mata su cika, a tara su a babban birni, a ware waɗanda suka fi iya taku da tsayuwa gaban kyamara. In an gama sai a fito da ƙyallayen kafaɗa masu ɗauke da sunayen yankuna a raba musu, wani lokaci har da jefa ƙuri'a. Yarinyar da ƙafarta ba ta taɓa taka wani yanki ba sai ta wayi gari ita ce wakiliyarsa. Daren gasa mutanen wurin su kunna talabijin, su ji an kira sunan yankinsu, su ga fuskar da ba wanda ya san gidansu.

Ba mu kaɗai ke yin haka ba. A Benezuwela, ƙasar da ta yi suna wajen lashe kambun duniya, an daɗe masu shirya gasa ne ke raba wa 'yan takara sunayen jihohi, ko da yarinya ba 'yar can ba ce. Su abin da ke gabansu shi ne samun wadda za ta fita waje ta ciyo musu. Amma akwai wata hanyar. A gasar Miss America, wadda ta faro tun 1921 a Atlantic City, sai yarinya ta ci ta jiharta kafin ta hau dandalin ƙasa, kuma sai in tana zaune a jihar, ko tana karatu ko aiki a cikinta. A Faransa ma kowane yanki shi ke naɗa tasa sarauniyar, har da na ƙetaren teku irin su Tahiti da Matinik da Gwadalup, sannan su haɗu a watan Disamba a fid da gwana.

Na faɗa wa kwamiti a fili cewa in za mu rataya wa yarinya sunan dubban ɗaruruwan mutane a kafaɗa, to sunan ya zama gaskiya. In ba za mu iya ba, mu cire sunayen yankunan mu ba su lambobi, ba wanda zai ce mun yaudare shi. Hajiya shugabar kwamiti ta ce in kawo shawarar a rubuce, haɗe da lissafin abin da za ta ci. Tana da hujja, don zagaya yankuna ya fi tara mutane a zaure ɗaya cin kuɗi nesa ba kusa ba.

22 ga Afrilu

An amince za a yi tantancewa a kowane yanki. Nan take tambayar da na san tana tafe ta taso: wace ce 'yar yanki?

Wani dattijo a cikinmu, mutum mai kishin wurinsu wanda nake ganin girmansa, ya ce a bi asalin uba kawai, kowace ta kawo takardar shaida. Na gane abin da ke cin sa, ya gaji da ganin 'yan birni suna cin albarkacin sunan karkara. Sai dai na tuna masa abin da ya faru bara a Afirka ta Kudu. Chidimma Adetshina a Soweto aka haife ta, a ƙasar ta tashi. Mahaifinta ɗan Najeriya ne, mahaifiyarta kuma tana da tushe a Mozambik. Da ta kai matakin ƙarshe na Miss South Africa a 2024, aka yi mata ca a kafafen sada zumunta ana cewa ita ba 'yar ƙasa ba ce, hukumomi suka shiga binciken takardun mahaifiyarta, a watan Agusta ta janye saboda tsaron kanta da na iyalinta. Kafin watan ya ƙare ta lashe Miss Universe Nigeria da ƙyallen jihar Taraba, a Nuwamba kuma ta zo ta biyu a gasar Miss Universe a birnin Meziko.

Labarin nan ya taɓa mu ta fuska biyu. In aka ce jini ne ma'auni, yarinyar da ba ta san ko'ina ba sai inda ta tashi za a mai da ita baƙuwa a gidanta da rana tsaka. Sannan ƙyallen Taraba da ta rataya, alhali ba a can ta tashi ba, shi ne irin rabon da nake so mu daina.

Na ce masa, "Baba, yarinyar da aka haifa a yankinku, ta yi makaranta da jikokinka, tana jin harshenku, in ka ce ba taku ba ce, to ta wa ce?" Ya jima bai ce komai ba, can ya ce, "To 'yata, wadda ubanta namu ne amma ko hanyar garin ba ta sani ba fa?" Na ce ita ma tana da haƙƙi, amma sai ta zo ta tsaya gaban mutanen wurin su ji ta bakinta.

A kan haka aka tsaya. Yarinya za ta iya neman wakiltar yanki in a can aka haife ta, ko ta yi shekara uku a jere tana zaune a can, ko ɗaya daga cikin iyayenta, uwa ko uba, ɗan can ne. Ko ta wace hanya ta shigo, a yankin za a tantance ta, kuma mafi yawan alƙalan mutanen yankin ne. Ba a neman yanki biyu a shekara ɗaya. Lauyarmu ta tafi da daftarin.

6 ga Mayu

Yau batun shekaru da aure da tsayi aka yi. Na farko bai ɗauki lokaci ba: ƙasa da shekara 18 ba ta shiga, ko iyayenta sun sa hannu. Iyakar sama kuwa mun ɗage ta. Miss Universe ta buɗe wa matan aure da iyaye mata ƙofa tun 2023, daga 2024 kuma ta cire iyakar shekara 28. A Disambar bara Angélique Angarni-Filopon daga Matinik ta zama sarauniyar Faransa tana da shekara 34. A yankuna da dama mace tana yin aure da wuri, in muka ce sai budurwa mun rufe wa rabin waɗanda suka fi sanin wurin ƙofa.

Wani ya kawo ƙorafi mai ma'ana: ba kowace gasar duniya ce ke karɓar mai ɗa ba. A 2018 an ƙwace kambun Miss Ukraine daga hannun Veronika Didusenko bayan an gano tana da ɗa. Sai muka raba abin biyu. Sarauniyar ƙasa daban, wadda za a tura waje kuma a zaɓe ta cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan can.

Tsayi ne aka kai ruwa rana a kansa. Faransa har yanzu tana riƙe da mita 1.70, kuma mai koyar da taku tana so mu bi. Ni ban yarda ba. Akwai yankunan da mutanensu ba dogaye ba ne, ƙa'ida ɗaya a takarda sai ta share al'umma guda daga gasar. An ɗage maganar.

19 ga Mayu

Mun fara tantancewa, kuma da gangan muka fara da yanki mafi nisa daga babban birni. Zauren wata makaranta aka ara mana. Har hantsi ya ɗaga kujeru babu kowa, abokan aikina suna ta kallona.

Sai ga wani magidanci ya shigo, 'yarsa tana biye da shi. A hannunsa akwai kundin ƙa'idojinmu, an buga masa a takarda, ya ninke shi huɗu, ya ja layi da biro a ƙarƙashin wasu wurare. Bai zauna ba. Ya ce, "Hajiya, abu uku na zo ji. A ina za ta kwana, a hannun wa za ta zauna, kuma me za a ce ta sa a jikinta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bismillah zauna, mu bi su ɗaya bayan ɗaya." Na buɗe masa shafin sutura. Babu zagayen kayan ninkaya a wannan gasa. Kowace za ta sa abin da ita da zuciyarta suka yarda da shi, kuma alƙali ba shi da ikon rage wa yarinya maki don ta rufe kanta ko hannayenta. Na gaya masa wannan ba alfarma ba ce da aka yi wa yankinsu. Miss World ta sanar da cire zagayen kayan ninkaya a ƙarshen 2014, Miss America ta bi sahu a 2018. Halima Aden ta shiga gasar jihar Minnesota ta Amurka da hijabinta a 2016, a Disambar 2021 kuma Shatu Garko ta lashe Miss Nigeria tana da shekara 18, da hijabinta ita ma. Ya karanta shafin da kansa, yana bin layi da yatsa. Ya nemi a nuna masa matar da za ta riƙe sansanin da 'yan takara za su zauna, ya gaisa da ita, ya karɓi lambarta. Sannan ya juya ga 'yarsa ya ce, "To, ki shiga. Ina waje."

Da aka tambayi yarinyar abin da ya fi damun yankinsu, ba ta kawo zancen zaman lafiyar duniya ba. Ta yi maganar nisan da mai naƙuda ke yi kafin ta kai asibiti, ta faɗi wace hanya ce ke yankewa in damina ta kankama, da wace gada. Wata alƙaliya 'yar yankin tana gyaɗa kai tun kafin ta gama. Takunta bai yi kyau ba, takalmi mai tsini ya kusa kayar da ita. Amma taku ana koyon sa a sansani.

Bayan azahar zauren ya cika. Ashe da yawa suna waje suna jiran su ga ko wata za ta fara shiga.

3 ga Yuni

An kammala Miss World a Hyderabad ta Indiya ranar 31 ga Mayu. Opal Suchata ta Tailan ce ta ɗauka, Hasset Dereje ta Habasha ta zo ta biyu, abin da ya faranta mini rai. Sai dai labarin da ya tsaya mini shi ne na Milla Magee, wakiliyar Ingila, wadda ta bar gasar tun kafin a kai ƙarshe. Ta ce an sa su zama da attajiran da suka ɗauki nauyin taron don nishaɗantar da su, abin ya zubar mata da mutunci. Masu shirya gasar sun musanta. Ba ni ce zan raba musu gardama ba, amma na san wannan ƙorafi, duk wadda ta daɗe a harkar nan ta san shi.

A watan Mayun 2022 gwamnatin Ruwanda ta dakatar da Miss Rwanda bayan zargin lalata da 'yan takara. A Agustan 2023 wasu 'yan takarar Miss Universe Indonesia suka kai ƙara wurin 'yan sanda cewa an sa su tuɓe da sunan duba jiki, uwar ƙungiyar ta yanke hulɗa da masu riƙe da lasisin ƙasar. Ruwa ba ya tsami banza. Inda aka tara 'yan mata masu buri, nesa da gida, makomarsu a hannun mutum ɗaya ko biyu, to an buɗe ƙofar ɓarna, sai in an tsaya an rufe ta da gangan. Kuma tsarin da na nace a kansa ya ƙara mana nauyi, domin yarinyar da muka ɗauko daga nesa ba ta da kowa a birni. 'Yar birni in abu ya dame ta sai ta kira yayanta. Wannan mu ne danginta.

Ana cikin haka wakilin wani kamfani da ke son ɗaukar nauyi ya zo da buƙata: a kawo 'yan takara liyafar dare, a rarraba su teburin baƙi. Na shafa wa idona toka na ce ba za a yi ba. Ya ce, "Hajiya, ai ko'ina haka ake yi." Na ce, "Yallaɓai, in kamfaninku na son ganin su, su zo da rana, a zaure, dukkansu tare, da masu kula da su. Za su yi hoto da tambarinku, za su gode muku, su koma sansani." Ya ce zai yi shawara. Mai yiwuwa mu rasa kuɗin, kuma shugabar kwamiti ta san haka lokacin da ta mara mini baya.

Abin da muka rubuta a sashen kariya: ba a ganawa da 'yar takara ita kaɗai a ɗaki rufe, ko kai wane ne. Ba duba jiki, ba awon ƙirji ko ƙugu sai a hannun tela mace da yardar mai jikin. Alƙalai da masu ɗaukar nauyi ba sa karɓar lambar wayar kowace yarinya. Akwai wata lauya da ba ta cikin kwamiti, ba mu ke ba ta umarni ba, wadda kowace za ta iya kira kai tsaye. Wayoyinsu kuma suna hannunsu, ba za a karɓe ba.

17 ga Yuni

Kamfanin ya dawo, ya yarda da ziyarar rana.

Sai batun ƙuri'ar masu kallo. Gidan talabijin yana so a yi ta saƙon waya na kuɗi, a bar mutum ya jefa iya son ransa. In aka yi haka, yankin da ya fi yawan jama'a da kuɗi da ƙarfin sabis ya ci tun kafin a kunna fitila, kuma kawun yarinya mai hali shi kaɗai zai iya saye mata matsayi. Mun daidaita a kan lamba ɗaya ƙuri'a ɗaya, kuma ƙuri'ar jama'a ba za ta wuce kashi 30 cikin 100 na maki ba. Kuɗin fom an soke shi gaba ɗaya. An kuma cire sharaɗin tsayi, mai koyar da taku ta sauko da kanta bayan ta ga 'yan matan da aka zaɓo.

2 ga Yuli

Na tattara takardun makin yankunan da aka gama, na shimfiɗa su a tebur tare da hotuna. Wani abu ya fito fili wanda bai yi mini daɗi ba: a gurbin "kyan fuska da kwarjini", waɗanda suka fi hasken fata su ne a sama kusan ko'ina, har a hannun alƙalan da su kansu baƙaƙe ne. Ba na zargin kowa da mugun nufi. Ido ne ya saba. Amma in gasar ƙasa ta riƙa naɗa launi ɗaya shekara da shekaru, ƙannen 'yan matan nan da ke kallo a gida za su fahimci saƙon, kuma mai sayar da man bilicin ne zai ci riba.

Na kira taron alƙalai na nuna musu takardun ba tare da sunan kowa ba. An ɗan yi musu, wani ya ce kyau ai abin ido ne, ba a koya wa mutum. Wata dattijuwa tsohuwar malamar makaranta ta ce masa, "Malam, ido ma tarbiyya ake yi masa." Bayan doguwar muhawara aka rage nauyin wannan gurbi, aka ƙara wa hira da sanin yanki. Yanzu hira ta gaba da gaba ita ce mafi yawan maki, sai aikin al'umma da yarinya ta zo da shi daga gida, sai kwarjini a dandali.

An kawo shawarar mu yi koyi da Kwaddibuwa, inda bana masu shirya gasarsu suka hana gashin kanti a matakin share fage. Na fahimci manufar, kuma ban manta yadda Zozibini Tunzi ta Afirka ta Kudu ta lashe Miss Universe a 2019 da gajeren gashinta na asali ba. Duk da haka ban goyi bayan hanin ba. Mun ce ba za mu tilasta wa yarinya ta buɗe kanta ba, to da wane baki za mu tsara wa wata abin da za ta ɗora a nata? Abin da ke hannunmu shi ne takardar alƙali. A can muka rubuta cewa gashi, ko na asali ko na kanti ko a rufe, ba ya ƙara maki ba ya ragewa.

21 ga Yuli

Telolin sun fara kayan zagayen al'adun yankuna, kuma nan ne aka fi samun ƙorafi. Wasu mata sun yi takakkiya daga wani yanki suka same ni a ofis. Babbarsu ta ce, "'Yar nan, mun ga zanen kayan da aka yi wa yankinmu. Na maƙwabtanmu ne. Mu fa?" Gaskiya suka faɗa. Layin da aka ja a taswira bai mai da mutanen cikinsa ƙabila ɗaya ba, kuma kullum na masu rinjaye ake ɗauka a ce shi ne na kowa.

Na haɗa su da wakiliyar yankin da telarta a ɗaki ɗaya. Na zauna a gefe ina kallo. Matan suka kwance ƙullinsu suka fito da wani tsohon saƙi, suka nuna wa telar inda ake fara zare da yadda ake juya shi a gefe. Telar ta juya bayansa, ta ɗaga shi a hasken taga tana ƙirga layuka da farcenta, ta ce ba za ta yanka shi ba, za ta nemo masaƙan da ke yin irinsa. Yarinyar kuma ta ce ita za ta ambaci sunan al'ummomin biyu a dandali, ta kuma nemi a koya mata gaisuwa da harshensu.

Na ƙara layi biyu a kundi. Duk kayan yanki sai mutanen yankin sun gani kafin a ɗinka. Abin da mutane ke ɗauka da tsarki kuma, na ibada ko na sarauta, ba a mai da shi ado. Ni dai har ga Allah na fi son riga ɗaya da masaƙin wurin ya saƙa a kan tulin fuka-fukai da ƙyalƙyali da yarinya ba ta iya juyawa a ciki.

11 ga Agusta

Kowane yanki ya fid da wakiliyarsa, saura ɗaya. Hanyar zuwa can ta lalace, waɗanda suka cika fom ba su samu isowa ba. Gidan talabijin yana matsa mana a rufe jerin sunaye saboda talla. Wani a kwamiti ya ce akwai yarinya a nan birni, ta zo ta biyu a yankinta, ta iya taku, a ba ta ƙyallen a wuce wurin. Na ce gara kujerar ta zauna babu kowa, mai gabatarwa ya faɗa wa ƙasa dalili.

Mafitar ta zo daga tsohon tarihi. Lokacin da jaridar Daily Times ta fara Miss Nigeria a 1957, hotuna ake aikawa, daga nan a gayyato waɗanda aka zaɓa zuwa Legas. Ta haka Grace Oyelude ta fito daga Jihar Arewa ta lashe ta farko, daga baya ta tafi Ingila karatun jinya. In hoto a ambulan ya isa a wancan zamani, bidiyon waya zai isa yau. Mun ƙara mako biyu. Kowace ta ɗauki kanta tana magana, ta nuna wurin da take zaune, alƙalan yankin su yi hira da ita ta waya, mu kuma mu biya kuɗin motar wadda aka zaɓa da na wanda zai rako ta.

1 ga Satumba

Jeri ya cika. Wadda ta fito daga yankin ƙarshe malamar firamare ce, bidiyonta a bakin ajinta ta ɗauka, yara suna leƙowa ta taga.

An buɗe sansani yau. Kafin a fara komai na zaunar da su muka bi takardar yarjejeniya layi-layi, lauya tana fassara wa duk wadda ta nema. A Faransa sai a 2021 aka fara ba 'yan takara takardar kwangilar aiki, bayan wata ƙungiyar kare haƙƙin mata ta kai ƙara. Tamu ta fayyace awannin aiki da na hutu, abin da za a yi da hotunansu da iyakar lokacinsa, da ranar da za a biya kyauta. Ta kuma ce kowace tana da ikon janyewa ba tare da tara ba. Babu sharaɗin da ya hana yarinya faɗin abin da aka yi mata. Na nace a kan wannan saboda abin da ya faru a Amurka a watan Mayun 2024, inda Noelia Voigt ta ajiye kambun Miss USA tana cewa don lafiyar ƙwaƙwalwarta, 'yan kwanaki bayan haka ta Miss Teen USA ma ta ajiye nata.

Tun da aka saki hotunansu zagi ya fara a intanet, kuma na ga wani salo da tsohon tsari bai haifar ba. Da can yarinya ake zagi. Yanzu da yake wakilcin na gaske ne, yankinta ake haɗawa da ita a zaga, magoya baya suna jifan juna da tsofaffin gorin ƙabilanci. Wannan farashin abin da na nema ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wata ta same ni da dare idonta ya yi ja ta ce, "Anti, sun ce mutanenmu ba su waye ba, wai in koma daji." Na zauna da ita har ta nutsu, da safe likitar da ke ba su shawara ta gan ta. Mun sa mutum biyu suna share irin waɗannan kalamai a shafukanmu, mun kuma haɗa kowace ɗaki ɗaya da 'yar yankin da ya fi nisa da nata. Gajerun bidiyon da za mu riƙa saki ma bibbiyu za su fito, kowace tana ba da labarin yankin abokiyar kwananta.

15 ga Satumba

An fara gwaji a kan dandali. Yarinyar da takalmi ya kusa kayarwa a watan Mayu yanzu tana saukowa matakala ba ta kallon ƙasa.

Mun sake fasalin katin sakamako. Kowa ya tuna daren Disambar 2015 a Las Vegas, lokacin da mai gabatar da gasar Miss Universe, Steve Harvey, ya sanar da wakiliyar Kolombiya alhali Pia Wurtzbach ta Filifin ce ta ci, aka cire kambu daga kan wata a gaban duniya. Namu katin suna ɗaya ne a kowane, da manyan baƙaƙe, a ambulan daban-daban, kuma mai binciken lissafi daga waje shi zai haɗa maki ya miƙa da hannunsa.

Abin da ya rage mai nauyi shi ne harshe. A gwajin tambayoyi na ga yadda wasu da suka burge alƙalan yankinsu suke daburcewa in an ce su amsa da harshen hukuma, ba don ba su da abin faɗa ba. Miss Universe ta daɗe tana barin 'yar takara ta amsa da harshenta tafinta ya juya, a bara kuma Mia le Roux, wadda kurma ce, ta lashe Miss South Africa. Kwamiti ya amince kowace ta zaɓi harshen da za ta yi magana da shi. Gidan talabijin ya ce lokaci zai ƙure, sai muka yarda agogo ya tsaya yayin da tafinta ke magana, a rage waƙa ɗaya daga shirin. Mun samu tafintoci na duk harsunan da aka nema ban da guda biyu, kuma ina so su kasance mata in da hali. Na aika wa gidajen rediyon yankunan biyu su taimaka mana da masu karanta labarai. Ranar Alhamis za mu gwada waɗanda ke hannu a kan dandali, da makirufo da agogo, alƙalai suna zaune a kujerunsu.